Ambulan Ɗin da Na Mayar

Kusan duk wata sai wani daga cikinku ya shigo shagona a Ƙofar Guga, ya miƙo mini waya yana washe baki, ya ce, "Baba Lawal, duba abin da na haɗa cikin kwana biyu." In duba, in ga abu ya yi kyau kuwa. In tambaye shi me zai ci a ciki. Amsar taku ɗaya ce kullum: zai saki manhajar kyauta, ya buɗe rubutunta kowa ya gani, ya sa lambar asusu a ƙasa, wanda ya ji daɗi ya turo abin da ya sauwaƙa. Wai haka ake yi a ƙasashen waje. Na san haka ake yi. Ni ma na yi, tun kuna wasan ƙasa. Ku jawo benci ku zauna, tunda ba ku da aiki sai latsa waya.

Tawa manhajar sunanta Jan Biro. Aikinta fitar da katin sakamakon ɗalibai: malami ya zuba maki, ita ta tara, ta jera daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, ta buga kati. Kwana tara na yi na rubuta ta farko, na riƙa tafiya kamar ni na gina ganuwar gari. Sai ga A'isha Musa. A wata makaranta a Ƙofar Sauri, aji huɗu, A'isha Musa uku ne a ajin, ni kuwa da suna manhajar ke gane ɗalibi. Ta tattara makin su ukun ta zuba wa ɗaya, yarinya ta ci fiye da ɗari a lissafi, sauran biyun katinsu ya fito fayau kamar ba su taɓa shiga aji ba. Uban ɗaya ya tasa hedimasta gaba, hedimasta ya taso shi gaba har shagona. Gyaran ya ci mini mako uku. Sai da na ba kowane ɗalibi lambarsa, sannan na bi makarantun da ke amfani da ita ɗaya bayan ɗaya da filashi a aljihu, ina sauya tsohon tsari ba tare da makin kowa ya ɓata ba. Wannan shi ne aikin. Kwana biyunku na farko ba aiki ba ne, gaisuwa ce.

Ban koyi sana'ar nan a jami'a ba. A hannun Baba Istifanus na fara, wani mutumin Filato da ya yi ritaya daga aikin akawu ya buɗe shagon buga takardu a Ƙofar Sauri. Kwamfuta biyu gare shi, masu ƙaton ƙeya, kowace da rigarta ta yadi da matarsa ta ɗinka. Wata shida na farko ban taɓa allon rubutu ba. Ni ne tayar da janareta, ni ne share ƙura, ni ne ɗinke takardu. Da ya bar ni na zauna, abu ɗaya ya dasa mini: duk layi biyar ka ajiye aikinka, don wuta ba ta sallama kafin ta tafi. In ya ga na wuce layi biyar, sai ya sa hannu ya kashe soket da kansa, ya tsaya yana kallona ina sake bugawa daga farko.

Rubutun manhaja kuwa babu wanda ya zaunar da ni. Awa ɗaya nake saya a kafe, wato shagon intanet, in kwaso rubutun da wasu mutane a wasu ƙasashe suka bari a buɗe, in dawo shago in yi ta karantawa, in canza layi ɗaya in ga me zai lalace. Buɗaɗɗiyar manhaja ke nan: rubutun cikinta ba a kulle yake ba, kowa na iya karantawa, ya ɗauka, ya gyara, ya ba wani, ba sai ya nemi izini ba. Na ci abincin mutanen da ban taɓa gani ba, shi ya sa da na dafa nawa ban rufe tukunyar ba. Har gobe ban yi nadamar wannan ba.

Mahaifina, Malam Sule, malamin firamare ne. Na tashi ina ganinsa ƙarshen kowane zango da rula da jan biro, yana tara maki har idonsa ya yi ja. Saboda shi na rubuta Jan Biro, kuma a watan da na gama Allah ya karɓi abinsa. Sai na sa layi biyu a shafin da ke fara buɗewa: "Wannan aiki sadaka ne ga mahaifina, Malam Sule. Wanda ya amfana ya yi masa addu'a." Da zuciya ɗaya na rubuta, ban yi tunanin komai ba.

Manhaja ta bazu ba tare da talla ba. Wannan malamin ya zuba wa wancan a filashi, makarantar boko ta ba Islamiyya, Islamiyya ta ba ta ƙauye. Duk wanda ya karɓa, lambar wayata ya karɓa tare da ita. Masu Islamiyya suka ce su darussansu da Larabci suke so, rubutu daga dama, a kan kati ɗaya da na boko. Wannan kaɗai ya ci mini wata guda, don firinta sai ta riƙa warwatsa haruffan kowanne a gefensa. Wata malama ta kira ni tana faɗa, wai yara biyu sun yi kunnen doki a na uku, manhaja ta tsallake na huɗu ta ba mai bi musu na biyar, uwarsa ta zo tana tambayar wa ya cinye na huɗun. Wani hedimasta ya ce shi ba ya son a rubuta wa yaro na ƙarshe, wani ya ce in ba a rubuta ba yaro ba zai ji tsoro ba. Kowanne sai ka yi masa maɓallinsa. Makon rufe makaranta wayata ba ta hucewa, aikin shagon da nake ci da shi kuwa yana nan jibge.

A nan Bitrus ya shigo. Ɗan Baba Istifanus ne, na girme shi da kusan shekara goma, a gabana ya girma, Yaya yake ce mini. Lokacin yana koyar da kwamfuta a wata makarantar kuɗi, yana da mata da 'ya ɗaya. In ya tashi aiki sai ya biyo shago ya kama mini. Gaskiya a faɗe ta: ya fi ni hannu. Ni in na rubuta abu yana aiki, shi in ya rubuta, wani ma zai iya karantawa. Shi ya sake ɓangaren buga kati gaba ɗaya. Shi ya haɗa mu da saba, wato kwamfutar haya da ke can wata ƙasa tana ajiye bayanai, har iyaye suka fara duba sakamakon 'ya'yansu a waya. Hayar sabar nan da dala ake biya, daga aljihuna.

Aiki ya fi ƙarfin yamma da ƙarshen mako. Na karanta yadda masu irin aikinmu a waje ke rayuwa da abin da masu amfani ke turowa don ra'ayin kansu. Na kalli yawan makarantunmu, na ce ko kashi ɗaya cikin goma suka tausaya, albashin mutum ɗaya ya fita. Na ce wa Bitrus ya ajiye koyarwa ya riƙe Jan Biro dungurungum. Har gidansu na je, a gaban mahaifinsa na faɗa. Baba Istifanus ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Lawal, ka tabbata? Yaron nan yana da iyali fa." Na ce, "Baba, ka bar mani wannan." Bitrus ya rubuta takardar ajiye aiki a makon.

To, ku ji yadda na nemi kuɗin. A can ƙasan shafi, ƙarƙashin sunan mahaifina, na sa wani maɓalli ɗan ƙarami da sai ka matse ido za ka gan shi. Na rubuta masa "Goro". Bitrus ya ce, "Yaya, mu rubuta a fili mana. Mu ce akwai ma'aikaci, akwai haya, ga abin da muke buƙata duk zango." Na ce ina! In yi bara a ƙarƙashin sunan ubana? Mai hankali zai gane. Haka na bar shi.

Mutane sun gane, amma abin da na rubuta suka gane. Na ce sadaka ce, na ce a yi addu'a, addu'a kuwa ta zo kamar ruwan sama. Saƙonni cike da waya, wata Islamiyya har saukar Alƙur'ani ta yi wa Malam Sule. Wani malamin makarantar makiyaya ya taho daga nesa a kan babur da kwalbar man shanu. Wani ya aiko da tiya biyu ta gero. Alat ɗin banki kuwa sai a yi mako biyu ba a ji ƙararsa ba, in ya shigo ma bai wuce kuɗin data ba. Ba rowa ba ce. A wurinmu wanda ya ce abu sadaka ne, in ka ba shi kuɗi ka rage masa lada. Mutane suna kare mini ladata ne, ni kuma ina zaune ina jin haushinsu. Abin da nake iya tsakura daga shago nake ba Bitrus, bai kai rabin albashin da ya bari ba, shi kuwa bai taɓa buɗe baki ya yi magana ba.

Ranar da zan ba ku labari wata Laraba ce, bayan La'asar. Ina kwance cikin wata firinta da ta haɗiye takarda, Bitrus yana gefe a kan kwamfutarsa, sai ga sallama. Hajiya Binta ce, mai wata makaranta a Ƙofar Marusa, dattijuwa da ta yi shekaru tana koyarwa kafin ta buɗe tata. Tare take da wasu maza biyu, su ma masu makarantu. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da gajiya da sanyin bana. Ta ce ta san mahaifina, sun taɓa aikin duba jarrabawa tare. Ta ɗaga hannu ta yi masa doguwar addu'a, muka shafa. Sannan ta buɗe jaka ta fito da ambulan mai kauri.

"Malam Lawal, ga ɗan abin da muka haɗa, saboda aikin nan da..."

Ban bari ta kai aya ba. "Haba Hajiya, mi ya yi zafi? Ki bar shi."

Kun san yadda ake yi. Mai bayarwa ya miƙa, kai ka ƙi. Ya sake miƙawa, ka ce ai da an bari. A na uku ka sa hannu biyu ka karɓa, ka yi godiya, kowa ya fita da mutuncinsa. Na sha yi, ita ma ta sha yi. Ta sake miƙowa.

"A'a, ka dai karɓa, ka ji bayani tukuna."

Addu'ar da ta yi tana nan a kunnena, ga maza biyu suna kallona, ga sunan mahaifina a allon kwamfuta. Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Wallahi Hajiya ba zan karɓa ba. Don Allah na yi."

Ƙi daban, rantsuwa daban. Wanda ya ƙi ana lallashinsa, amma wanda ya rantse, matsa masa tura shi ne ya karya rantsuwa, kuma dattijuwa irin Hajiya Binta ba za ta ɗauki wannan a wuyanta ba. Ta tsaya da ambulan a hannu, ta kalli Bitrus, ta kalle ni. Sai ta mayar da shi jaka ta ja zif.

"To, tunda ka rantse. Allah shi kai ladar kabarin Malam."

Mazan suka ce amin, suka yi ta yaba mini, wai irina sun yi ƙaranci a zamanin nan. Na raka su bakin titi ina jin kaina wani babba. Da na dawo Bitrus bai ɗago ba. Tambayata kawai ya yi ko na ga inda ya ajiye cajarsa.

Tun kafin Magariba na san na yi ɓarna. Kuma gyaranta ba wuya: in ciyar da mabuƙata goma, kaffarar rantsuwa ke nan, in wanke ƙafa in je Ƙofar Marusa in ce Hajiya na yi suɓul da baka. Limamin unguwarmu ma da na tambaye shi a kaikaice, cewa ya yi irin rantsuwar da ke kuɓuce wa mutum cikin zance ba ta da komai a kanta. Ba Allah ne ya hana ni ba, kunya ce. Labari ya riga ya zaga masu makarantu cewa Malam Lawal ba ya karɓa, ana nuna ni a wurin ɗaurin aure. Da wane ido zan koma in ce a dawo da ambulan? Na ce gobe, na ce in an dawo hutu. Ɗan alat ɗin da ke shigowa ma ya ɗauke ɗif, don yanzu kowa ya san matsayina.

Sai muguwar shekara ta zo. Dala ta haukace, hayar saba ta ninka ta sake ninkawa. Fetur ya kai inda sai in tayar da janareta awa biyu in kashe. Batiran inbata masu ajiye mana wuta suka mutu, babu na sauyawa. Masu kawo bugun takardu suka ragu, abin da nake tsakura wa Bitrus ya koma wata a ba shi, wata a ba shi haƙuri. Ya sayar da babur ɗinsa, ya koma bin makarantu a ƙafa da jaka a baya. Matarsa ta sake haihuwa. Ya fara karɓar gyaran waya a gefe. Duk da haka ya ƙara shekara guda cur tare da ni, makon rufe makaranta shi ke ɗaukar kiran da na gaji da ɗauka.

Ranar da ya gaya mini ya samu aiki a Jos, a tsaye ya faɗa. "Yaya, na yi iya yina. Na rubuta maka bayanin komai, yana cikin fayil ɗin farko." Na ce Allah ya sa alheri. Ban iya zuwa na yi wa Baba Istifanus bayani ba, shi ma bai neme ni ba. Da muka haɗu a kasuwa muka gaisa, ya tambayi iyali, ya wuce.

Zango biyu bayan tafiyarsa sababbin kwamfutoci suka shigo makarantu, ɓangaren buga kati ya daina aiki a kansu. Na zauna da bayanin Bitrus kwana da kwanaki, in toshe nan can ya ɓalle. Rubutun a buɗe yake, kowa a duniya na iya gyarawa, amma babu wanda ya gyara, don kowa yana da abin da zai ci da nasa lokacin. Ku riƙe wannan: buɗe rubutu ba ya haifar da mai gyara. Mutum ne ke gyara, mutum kuma yana cin abinci. In za ku nemi tallafi, ku faɗi sunan wanda zai ci, ku faɗi abin da ake buƙata, da manyan haruffa, a saman shafi.

Makarantu suka fara komawa wata manhajar kamfani da ke cajin kuɗi a kan kowane ɗalibi, suna biya ba gardama. Hajiya Binta ce kaɗai ta zo da ƙafarta ta sanar da ni. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, ban so ba, amma iyaye na jiran kati." Na ce na fahimta. Ta miƙe za ta tafi, sai ta sake zama.

"Akwai abin da ya daɗe shina cina. Ambulan ɗin nan fa ba naka ba ne."

Na ce, "Na wa ne, Hajiya?"

"Na yaron nan ne, Bitrus. Mu masu makarantu muka zauna, muka ce wanga bawan Allah ya bar aikinshi saboda mu. Muka yanka wa kanmu abin da kowa zai riƙa kawowa duk zango, ya zama albashinshi. Takardar da muka sa hannu tana cikin ambulan ɗin. Mun ce ta hannunka ya dace ta bi, tunda kai ne babba. Kai kuma ka rantse. Na koma na hwaɗa masu, kowa ya amshi kuɗinshi."

Ban san lokacin da ta fita ba. Duk tsawon lokacin nan ina ganin kyautata na mayar, ina ɗan jin zafi ina ɗan jin daɗi. Ashe abincin wani na ture da hannuna, a gabansa, har aka yaba mini.

Na kira Bitrus a ranar. Muka gaisa, na tambayi maijego da yara, ya tambayi shago. Sannan na kwashe duk abin da Hajiya ta faɗa na gaya masa.

"Na sani, Yaya," ya ce. "Washegarin ranar da ka rantse ta kira ni makarantarta ta nuna mani takardar. Ta ce in karɓa kai tsaye, ba sai ka ji ba."

"Ka ƙi?"

"Ka rantse a gaban mutane. In na karɓa ta bayan idonka, na mai da kai ƙaramin mutum. Na ce mata mu jira, za ka je da kanka."

Na ce, "Shekara guda, Bitrus. Mi ya hana ka gaya mani?"

"Kullum ina cewa gobe za ka je," in ji shi. "Daga shagonka zuwa Ƙofar Marusa ai ba nisa."